Kwantenar da ba ta hawa tirela: Yadda ake jarraba injin da ke ɗauke da manhajojin duniya

Ɗaliban da suka zana jarrabawar JAMB ta 2025 ba za su manta da ranar 14 ga Mayu ba. A ranar ce Magatakardan hukumar, Farfesa Is-haq Oloyede, ya tsaya gaban 'yan jarida a Bwari da ke Abuja, idanunsa cike da ƙwalla, ya amsa cewa an samu kuskure a sakamakon ɗalibai 379,997 da suka zauna jarrabawar a cibiyoyi 157 na Legas da jihohi biyar na Kudu maso Gabas. Bayanin da hukumar ta yi shi ne, an yi wa manhajar jarrabawar gyara, amma gyaran bai sauka a kan wasu daga cikin manyan kwamfutocin da ke kula da wancan yanki ba. Hukumar ta raba aikinta gida biyu, ɓangaren da ta sa wa suna KAD da kuma na LAG. Mu nan muna ƙarƙashin na farko ne, shi ya sa abin ya tsallake ɗaliban Kawo da Malali da Unguwar Rimi. Waɗanda ya shafa kuwa, sai da suka sake zama jarrabawa daga ranar 16 ga watan.

Ba muna cewa abin da ya samu JAMB matsalar kwantena ba ce, kalmar da za mu zo kanta nan gaba kaɗan. Abin da muke so ɗalibai su lura da shi, shi ne irin kuskuren. Gyaran da aka yi, inda ya sauka ya yi aikinsa. Kwamfutocin da bai sauka a kansu ba, su ma ba mutuwa suka yi ba, suna nan suna aiki da tsohon tsari. Ɓarakar ta fito ne a mahaɗa, inda wannan ɓangare ke miƙa wa wancan aiki.

Duk wanda ya taɓa ba da aikin ƙofar ƙarfe a Panteka ya san wannan. Mai walda ya ƙera ƙofa, ba inda za ka kushe ta. Magini a Badarawa ya bar gurbin ƙofa, shi ma aikinsa tsaf. Ranar da aka ɗauko ƙofar a a-kori-kura aka kai, sai a tarar ta fi gurbin da inci biyu. Kowa zai rantse nasa daidai ne, kuma kowa gaskiya ya faɗa, amma ɗakin zai kwana a buɗe.

Har masu zuwa sararin samaniya abin bai ƙyale su ba. A ranar 23 ga Satumban 1999 hukumar NASA ta Amurka ta yi asarar kumbonta mai suna Mars Climate Orbiter, wanda aka kashe wa dala miliyan 125, bayan ya shafe fiye da wata tara yana tafiya zuwa duniyar Mars. Dalili? Manhajar kamfanin Lockheed Martin tana ba da lissafin ƙarfin tunkuɗa da awon fam irin na Amurka, ita kuwa manhajar NASA tana karɓar lambobin a matsayin awon newton. Wato ɗaya yana awo da mudu, ɗaya yana ɗauka tiya ce.

Masu sana'ar manhaja suna da gwajin da suke yi don kama irin wannan tun kafin ya fita duniya. A wannan shafi za mu kira shi gwajin haɗaka. Za mu duba yadda ake yin sa a kan wata manhaja da yawancin mutane ba su taɓa jin sunanta ba, alhali ɗimbin ayyukan intanet a kanta suke zaune.

Wace kwantena kuma?

Kwantenar da muka sani ita ce ta ƙarfe, wadda aka yanka wa taga aka mayar shagon POS ko na cajin waya a Hayin Banki ko Unguwar Dosa, ko kuma wadda ake saukewa a tashar kan tudu ta Kakuri da ke ƙetaren kogi, da aka buɗe a Janairun 2018. Wani Ba'amurke mai motocin dakon kaya, Malcom McLean, shi ya yaɗa wannan dabara. A 1956 ya loda kwantena 58 a jirgin ruwa mai suna Ideal X daga Newark zuwa Houston. Hikimar ba a ƙarfen take ba, a daidaiton girma take. Tunda kwantena ƙafa 20 ce ko 40, mai ƙugiyar ɗaga kaya ba ruwansa da ko shinkafa ce a ciki ko atamfa. Jirgin ruwa zai ɗauke ta, jirgin ƙasa zai ɗauke ta, tirela ma haka.

Masu manhaja sun aro sunan ne don magance wata tsohuwar cuta. Ɗaliban kwamfuta na KASU da Kadpoly sun san ta: ka kwana kana haɗa aikin kammala karatu, yana tafiya sumul a kwamfutarka, ranar kare aiki a sa shi a wata kwamfutar ya ƙi tashi. Sai ka ji ɗalibi yana cewa, wallahi Malam a tawa yana yi. Matsalar ita ce manhaja ba ita kaɗai take rayuwa ba, tana dogara da wasu ƙananan manhajoji da saituttukan da ke kwamfutar da aka haife ta. Kwantenar kwamfuta ƙunshi ce da ake tattara manhajar da duk abin da take buƙata a ciki, yadda ko'ina aka kai ta za ta tashi iri ɗaya. Kamfanin Docker ne ya sauƙaƙa wannan ga kowa a 2013, daga nan abin ya bazu kamar wutar daji.

Sai dai a nan misalin ƙarfe ya ƙare, domin kwantenar kwamfuta ba ta da bangon ƙarfe. Ta fi kama da ɗaki a gidan haya. Kwamfuta ɗaya tana iya ɗaukar kwantenoni da dama, dukkansu suna amfani da zuciya ɗaya ta tsarin Linux, kamar yadda 'yan haya ke shan rijiya ɗaya da mitar wuta ɗaya. Abu biyu ne ke hana su cin juna. Na farko katangu ne da Linux ke gittawa, ta yadda manhajar da ke cikin kwantena ba ta ganin fayilolin maƙwabciyarta, ba ta ganin ayyukanta, har takan ɗauka ita ce aiki mai lamba 1 a duk kwamfutar. Na biyu shi ne tsarin rabon kaso mai suna cgroups, wanda injiniyoyin Google suka fara a 2006, ya shiga Linux a 2008. Shi ne ke yanka wa kowane ɗaki iya ruwan da zai ɗiba, wato iya ma'adanar wucin gadi da ƙarfin lissafin da zai ci.

To wa ke gitta katangun, ya yanka kason, ya shigar da ɗan haya? Wannan shi ne injin tafiyar da kwantena. Hawa-hawa ne. A can ƙasa akwai runc, leburan da ke yin ainihin aikin da hannunsa. A samansa akwai containerd ko CRI-O, masu kula da gida, su ne ke ɗauko ƙunshin daga intanet su ajiye, su umarci runc ya buɗe ɗaki. Can sama kuma akwai Kubernetes, wanda Google ya saki a 2014, shi ne attajirin da ke da gidajen haya ɗari yana rarraba 'yan haya a cikinsu. Tun 2015 aka kafa wata gamayya mai suna Open Container Initiative don ta rubuta ƙa'idar da kowane inji zai bi, kamar dai ƙafa 20 da 40 ɗin can. Dukkan waɗannan manhajoji a buɗe suke, kowa na iya karanta rubutunsu kyauta a GitHub, kuma da harshen Go aka rubuta su.

Idan katanga ta tsage

Me ya sa muka damu da wannan lebura? Saboda a manyan rumbunan kwamfutoci na haya, kwantenar wani kamfani tana iya zama a kwamfuta ɗaya da ta wanda bai sani ba. Idan katanga ta tsage, ɗan haya zai leƙa ɗakin maƙwabci, ko ma ya ƙwace mukullin gidan gaba ɗaya.

An ga hakan. A Fabrairun 2019 aka bayyana wata kafa a runc, mai lamba CVE-2019-5736, wadda wasu masu bincike biyu, Adam Iwaniuk da Borys Popławski, suka gano. Ta wannan kafa muguwar kwantena tana iya sake rubuta ita kanta manhajar runc da ke kan kwamfutar, daga nan ta samu cikakken iko. A ƙarshen Janairun 2024 kuma kamfanin tsaro na Snyk ya bayyana wata, CVE-2024-21626. Wannan karon wata ƙofa ce da runc ya buɗe don aikinsa ya manta bai rufe ba kafin ya shigar da ɗan haya, sai ta zama hanyar fita zuwa fayilolin gidan. An toshe ta a siga ta 1.1.12. Ku lura, irin wannan ba ya bayyana idan ka ɗauki guntun rubutu ɗaya ka duba shi kaɗai. Sai an haɗa runc da zuciyar Linux ta gaske da kwantena ta gaske.

Gwaji iri biyu

Gwajin farko da ake koya wa mai koyon manhaja shi ne na guda-guda. Ka rubuta ɗan aikin da ke tara lambobi, ka ba shi 2 da 3, ka duba ko ya ba da 5. Yana da sauri, dubbai za su gudana kafin ka sha kofin shayi, kuma ba ya taɓa komai a wajen kansa. Wannan shi ne mai walda yana auna ƙofarsa a shago.

Gwajin haɗaka shi ne ranar kafa ƙofar. Ana tada manhajar gaba ɗayanta, a ba ta umarni kamar yadda mai amfani zai ba ta, a sa ido a ga abin da ya faru a zahiri. Ya fi jinkiri, ya fi cin kaya, ya fi rigima. A wajen injin kwantena kuwa ba makawa sai da shi, domin rabin aikin runc roƙon zuciyar Linux ne ta yi masa wani abu, kuma ba za ka san ta yi ba sai ka tambaye ta da gaske.

Wani abin da ya burge mu shi ne, gwaje-gwajen haɗaka na runc ba da Go aka rubuta su ba. Da Bash aka rubuta su, wato harshen umarnin da kowane mai amfani da Linux ke bugawa a baƙin allo, ta hanyar wani ɗan tsari mai suna Bats. CRI-O ma da shi take amfani. Ma'anar wannan ga ɗalibi babba ce: wanda ya yi wata biyu yana wasa da Linux zai iya buɗe fayil ɗin gwajin ya fahimci abin da ake ciki, ko da bai iya Go ba tukuna.

A cikin rumbun runc akwai jaka mai suna tests/integration. Kowane fayil a ciki yana da fannin da yake tsaro. Akwai na tada kwantena, na kashe ta, na goge ta, na shiga cikinta tana aiki, na rabon kaso. Akwai ma checkpoint.bats, wanda ke jarraba daskarar da manhaja tana tsakiyar aiki, a adana halin da take ciki a faifai, daga baya a tashe ta ta ci gaba daga inda ta tsaya, da taimakon wata manhaja mai suna CRIU. Mu da muka saba da ɗauke wuta ana tsakiyar aiki, ba sai an yi mana dogon bayanin amfanin wannan ba.

Umarnin gudanar da su duka gajere ne: "make integration". Shi zai haɗa wata kwantena ta musamman da Docker, ya gina runc a ciki, ya bi gwaje-gwajen ɗaya bayan ɗaya. Wanda ke son ya gudanar da su kai tsaye a kan kwamfutarsa sai ya buga "make localintegration". Idan fayil ɗaya kawai kake so, akwai saitin TESTPATH da za ka ba sunan fayil ɗin, kuma shawararmu ke nan ga mai farawa. Sakamakon layi-layi yake fitowa: "ok" idan gwaji ya wuce, "not ok" idan ya faɗi, tare da lambar layin da ya tuntsure. Wasu za ka ga an rubuta "skip", wato an tsallake su domin kwamfutarka ba ta da abin da suke buƙata. Kada a raina waɗannan. Allon da ba ja ko ɗaya amma an tsallake rabin gwaje-gwajen, kamar ɗalibin da ya amsa tambaya biyar cikin goma ne yana murnar bai faɗi ko ɗaya ba.

Yadda ake rubuta guda ɗaya

Kowane gwaji yana da sassa uku. Da farko shimfiɗa: a tanadi wata 'yar ƙaramar kwantena, galibi da BusyBox, wani ƙanƙanin ƙunshi na kayan aikin Linux. Sai gwajin kansa. Sai share wuri, a kashe duk abin da aka tada, a goge duk abin da aka ajiye.

Mu ɗauki mafi sauƙi, na dakatarwa. A tada kwantena, a tambayi runc halin da take ciki, ya kamata ya ce "running". A ba da umarnin dakatarwa, a sake tambaya, ya kamata ya ce "paused". A sake ta, a tambaya karo na uku, ta koma "running". Bayan kowane umarni kuma ana duba lambar da ya dawo da ita, domin a al'adar Linux sifili na nufin an yi nasara, kowace lamba ban da shi na nufin akwai magana. Shi ke nan, layukan ba su taka kara sun karya ba. Amma a bayansu runc ya yi magana da cgroups, cgroups ya daskarar da ayyukan, runc ya karanto halin ya faɗa. Mahaɗa uku a gwaji ɗaya.

Yanzu mu ɗan zurfafa. A ce muna so mu tabbatar rabon kaso yana aiki. Mu yanka wa kwantena megabait 32 na ma'adana, mu sa wata manhaja a ciki ta yi ta haɗama har ta wuce haka. Abin da muke tsammani shi ne zuciyar Linux ta kashe ta da siginar da ba a ƙin amsawa, mai lamba 9, lambar fita kuma ta zama 137, wato 128 a tara da 9. Duk wanda ya yi aiki da kwantena ya san 137, ganin ta kawai ya isa ya ce ma'adana ce ta ƙare. To amma ga tarko. Wasu kwamfutocin suna da ma'ajiyar aro a kan faifai da ake kira swap. Idan ba ka iyakance ta ita ma ba, manhajar za ta zuba rarar a can ta ci gaba da rayuwa, gwajinka ya wuce a kwamfutar abokinka ya faɗi a taka. Mai rubuta gwajin haɗaka kullum tambayarsa ita ce, me na ɗauka kowace kwamfuta tana da shi, alhali tawa ce kawai ke da shi?

Akwai ƙa'idar da muke ganin ta fi kowace muhimmanci, kuma ita aka fi tsallakewa. Kafin ka yarda da gwajin da ka rubuta, sai ka ga faɗuwarsa. Cire iyakar megabait 32 ɗin da gangan ka sake gudanarwa. Idan har yanzu ya ce "ok", to ba gwaji ka rubuta ba, mai gadi ka ɗauka mai barci. Haka ake yi idan an gano kuskure a manhaja: a fara rubuta gwajin da ke nuna kuskuren, a ga ya faɗi, a yi gyara, a ga ya wuce, sannan a bar shi a wurin har abada don kada wani ya zo bayan shekara uku ya dawo da cutar bai sani ba.

Kuma ba abin da ya kamata ya yiwu kawai ake gwadawa ba. A wajen katanga, abin da bai kamata ya yiwu ba ya fi muhimmanci. Shin kwantena za ta iya rubutu a inda aka ce karatu kawai? Za ta iya ganin ayyukan gidan? Idan aka ba runc saitin banza, zai ƙi da bayani mai ma'ana, ko zai tada rabin kwantena ya bar ta a rataye? A irin wannan gwaji, ƙin amincewa shi ne nasara.

Gwajin hawainiya

Babban abin da ke ci wa masu wannan aiki tuwo a ƙwarya shi ne gwajin da yau ya wuce, gobe ya faɗi, ba tare da an canza komai ba. Mu dai mun sa masa suna gwajin hawainiya. Yawanci lokaci ne sanadi. Mai rubutu ya ce a tada kwantena, a jira daƙiƙa ɗaya, a duba. A kwamfutarsa mai ƙarfi daƙiƙa ɗaya ta isa. A wata mai nauyin aiki sai kwantenar ta ɗauki daƙiƙa ɗaya da rabi, gwaji ya leƙa bai gan ta ba, ya yi ihu. Maganin shi ne kada a ƙayyade jira, a riƙa leƙawa ana sake leƙawa har abin ya faru ko wa'adi ya cika. A fayil ɗin helpers.bash na runc akwai 'yan kayan aiki da aka tanada don haka.

Sanadi na biyu shi ne rashin share wuri. Gwaji na 7 ya bar kwantena a kunne, na 8 ya zo zai yi amfani da suna ɗaya ya tarar da mutum a ɗakin. Sai a yi ta zargin na 8, alhali laifin na gaba da shi ne. Illar hawainiya ba ɓata lokaci kawai ba ce. Idan mutane suka saba ganin ja suna cewa ai halinsa ne, a sake gudanarwa, ranar da jan gaskiya ya zo ba wanda zai waiga.

Sannan ga yawan yanayi. Tsarin cgroups siga biyu ne, tsohuwa da sabuwa, kuma sun bambanta sosai. Fedora ta koma sabuwar a 2019, Ubuntu a 2021, amma tsofaffin kwamfutoci ba su ɓace rana ɗaya ba. Akwai tada kwantena da cikakken ikon shugaban kwamfuta, akwai tada ta a matsayin mai amfani na gama-gari, kowanne da gwajinsa. Shi ya sa duk wanda ya aika gyara zuwa runc ko containerd, na'urorin GitHub Actions ke ɗaukar gyaran su gudanar da gwaje-gwajen a yanayi daban-daban kafin masu kula da manhajar su karɓa.

A hawa na sama ma haka ne. Akwai wata manhajar gwaji, critest, da ke jarraba ko containerd ko CRI-O suna amsa wa Kubernetes yadda ƙa'ida ta ce. An ga ranarta a Mayun 2022, lokacin da Kubernetes ya cire tsohuwar gadar da ke haɗa shi kai tsaye da Docker a siga ta 1.24. Kamfanoni da yawa sun sauya inji, kwantenoninsu kuma suka ci gaba da tashi, domin ƙa'idar ɗaya ce kuma akwai abin auna ta.

Daga Kawo za a iya?

Za a iya, amma da dabara. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu mai gigabait 8 ta wadatar. Gargaɗi na farko: yawancin gwaje-gwajen nan da cikakken iko suke gudana, suna taɓa can cikin tsarin kwamfuta. Kada a yi su a kwamfutar Baba, ko ta shagon buga takardu, ko wadda aikin makarantarka ke ciki. A saka VirtualBox, wadda kyauta ce, a gina kwamfutar cikin kwamfuta da Ubuntu, a ɗauki hoton halinta kafin a fara. Idan abu ya dagule, ko wuta ta tafi batir ya mutu ana tsaka da gwaji, sai a koma kan hoton kamar ba a yi komai ba.

Data ita ce matsala ta biyu. Karon farko ne mai tsada, domin sai an sauke Go da Docker da kayan gini, ɗaruruwan megabait. A bari sai dare lokacin garaɓasar data, ko a yi a makaranta inda akwai intanet. Bayan nan abin da aka sauke yana nan ajiye. Wata dabarar kuma ita ce ka kwafi rumbun runc zuwa asusunka na GitHub ka kunna Actions, wanda kyauta ne ga rumbunan da ke buɗe ga kowa. Ka yi canjinka ka tura, na'urorinsu su yi wahalar, kai kuma ka karanta sakamakon a wayarka kana cikin Keke Napep daga Mando zuwa Kasuwar Gumi.

Ƙannenmu na sakandare da ba su da kwamfuta, ku ma akwai mafari. Manhajar Termux tana ba wayar Android baƙin allo da Bash. Kwantena ba za ta tashi a wayar da ba a taɓa tsarinta ba, amma Bats zai yi aiki. Rubuta ɗan umarnin da ke karɓar maki ya faɗi ko A ne ko F, sannan ka rubuta masa gwaji. Me zai ce idan an ba shi 70 cif? Idan an ba shi 101 fa? Idan ba a ba shi komai ba? Tunanin da ake buƙata ke nan, kuma ba ruwansa da ko kai namiji ne ko mace, ɗan kimiyya ko ɗan fasaha.

A ganinmu, makarantunmu sun fi ba da ƙarfi ga rubuta manhaja fiye da jarraba ta. Aikin ɗalibi idan ya tashi a gaban malamai ranar karewa, an gama. Da za a ce kowane aiki sai ya zo da gwaji ko biyar ne, da malamin ma ya huta, domin umarni ɗaya zai buga ya ga gaskiya. A Kaduna muna da KASU da aka kafa a 2004, ga Kadpoly, ga AFIT, ga NDA, a ƙetaren kogi kuma ga cibiyar CoLab a Barnawa tun 2016. Shirin 3MTT da Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar a 2023 ya sa tabbatar da ingancin manhaja da DevOps cikin fannonin da yake koyarwa. A waje kuma akwai Google Summer of Code da ake yi tun 2005, da LFX Mentorship na gidauniyar Linux, da Outreachy, dukkansu suna haɗa masu koyo da manyan ayyukan buɗaɗɗiyar manhaja, daga gida, har da alawus. Gasar shiga tana da zafi, kuma abin da masu zaɓe ke dubawa shi ne sawun da ka riga ka bari a rumbun.

Kada kuma a ɗauka hanyar kuɗin gaggawa ce. Sai an iya Turancin karanta saƙon kuskure, sai an jure gyaran da ka aika ya yi makonni ba a duba shi ba, ko a dawo maka da shi sau uku. Masu kula da waɗannan manhajoji kaɗan ne, aikin ya yi musu yawa, shi ya sa ma suke maraba da wanda ya zo da abu a tsare. Gudunmawar farko ba sai ta zama rubutun manhaja ba. Idan ka gudanar da fayil ɗaya sau 50 ka ga wani gwaji ya faɗi sau 3, ka kama hawainiya. Sai ka duba ko wani ya riga ka kai rahoto. Idan babu, ka rubuta naka: sunan gwajin, sigar runc, sigar zuciyar Linux ɗinka, ko cgroups ɗinka tsohuwa ce ko sabuwa, da cikakken iko ka gudanar ko babu, sau nawa ya faɗi cikin nawa, sannan ka manna ainihin rubutun da ya fito a allo ba tare da ka taƙaita shi ba.